Kwalbar Miski Ɗaya, Hanci Uku

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Talata abin ya fara. Muna tsakar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar, ni da matata Hajara, da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinta wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. 'Yarmu ta fari, Ummi, mai wata huɗu, tana kwance a tabarma. Na sayo makala, wato fanke, da burodi, an dafa kafe, wato kofi. Gwaggo ta zuba turaren wuta a kasko, irin wanda Hajara take haɗawa da hannunta tana sayar wa matan unguwa.

Hajara ta ture abincin gabanta.

"Malam, wa yake ƙona taya da sassafe?"

"Ba mai ƙona taya," na ce.

"To akwai mushe a gidan nan."

Ni mai sayar da ƙusa ne da kwaɗon ƙofa da kayan gini, kuma ina son a bi abu daki-daki. Na fara da ƙarƙashin gado, na koma bayan buhun gawayi, na duba kwata, na hau kujera na leƙa rufi ko ɓera ne ya mutu. Babu komai. Ni ƙamshin turare nake ji, Gwaggo ma haka. Hajara kuwa ta toshe hanci da gefen mayafi ta shige ɗaki.

Dole in koma baya kaɗan don mai karatu ya gane. Kamar wata biyu kafin wannan safiya ta yi zazzaɓi da mura mai nauyi. Muka ce palu ne, wato zazzaɓin sauro, muka sayo magani a farmasi. Zazzaɓin ya sauka, amma ta ce ba ta jin ƙamshin komai, abinci kamar tana tauna auduga. Ban ɗauke shi ciwo ba. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana salla, yana shayar da 'yarsa, sai na ce da sauƙi.

A makon farko abubuwan suka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan turare da kafe sai albasa, sai soyayyen nama, sai man goge baki, sai sabulun wanka. Na tambaye ta ko kowanne da irin warinsa. Ta ce a'a, duk wari ɗaya ne, kamar an haɗa ruɓaɓɓen kifi da roba an cinna wuta. Idan maƙwabta suka ɗora suya, sai ta rufe taga ta kwanta. Abin da take iya ci bai wuce farar shinkafa mai sanyi ba, ko tuwon rogo da muke ce wa gozo, gaya ba miya.

Na kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Mun isa da hantsi, ba mu ga malamar asibiti ba sai da aka kira azahar. An gwada jini, babu palu. An gwada fitsari ko ciki ne, babu. Malamar ta yi mana kirki, amma ta ce da Sango, yaren ƙasar nan, ita ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ta rubuta maganin ɗigawa a hanci da na ƙarin jini, muka dawo yadda muka je.

A mako na biyu masu dubiya suka fara zuwa, kowa da nasa. Wata ta ce basir ne ya hau sama. Wata ta ce kambun baka ne, don turaren Hajara ya yi suna a layinmu. Wani abokin cinikina ya ce a ɗiga ruwan tafarnuwa. Na gode musu, don ba wanda ya zo hannu sake. Sai dai mafi yawansu nama da miya suka kawo, kuma kowace mace sai ta fesa turare kafin ta shigo. Suna fita Hajara take amai.

A wannan makon na lura tana ɗaure hanci da ɗankwali duk lokacin da za ta ba Ummi nono. Da yarinyar ta ƙoshi sai ta miƙa wa Gwaggo da sauri. Mutane suka ɗauka kunyar ɗan fari ce. Wata rana bayan la'asar, Gwaggo ta tafi gidanta a unguwar Kokoro, na tambayi Hajara.

Ta ce, "Malam, har ita."

"Har ita me?"

"Kanta. Wuyanta. Ko yanzu aka yi mata wanka. Warin nan nake ji a jikinta." Sai ta fashe da kuka. "Don Allah kada ka gaya wa Gwaggo."

Ban gaya mata ba. Amma Gwaggo ba a ɓoye mata abu a cikin gida.

Ranar Juma'ar mako na uku ta zo da wata 'yar kwalbar farin miski, wanda ta saya wajen masu turare a bakin Masallacin Koudoukou. Ta zaunar da Hajara, ta buɗe kwalbar, ta kai mata hanci ba tare da ta faɗa mata ba. Hajara ta zabura ta fita waje tana kakari.

"Ka gani da idonka, Idi," in ji Gwaggo. "Ɗan Adam ba ya gudun miski. Masu gudun ƙamshi an san su. Mutanen ɓoye ne suka shige ta."

Na karɓi kwalbar don in ji ko miskin ya lalace. Na shinshina. Na sake shinshinawa, na zuba a bayan hannu na murza. Ban ji komai ba, sai wani abu can nesa kamar man kitso.

"Gwaggo, an cuce ki," na ce. "Wannan ba shi da ƙamshi."

Ta dube ni ta ja da baya. "Ɗakin nan gaba ɗaya ya cika da ƙamshi, kana ce mini babu? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin ya kama gida."

Ina roƙon mai karatu ya tsaya nan ya duba halin da na shiga. Kwalba ɗaya ce. Gwaggo tana jin ƙamshi, Hajara tana jin ɗoyi, ni ba na jin komai. A shagona idan mutum uku suka auna katako ɗaya suka faɗi tsawo uku, na san biyu sun yi kuskure, sai in ɗauko ma'auni. A nan babu ma'aunin da zan ɗauko. Na rasa wanda zan gaskata, har ni kaina.

Washegari aka fara hayaƙi. Gwaggo ta kawo tazargade da habbatussauda da ɓawon tafarnuwa da wasu saiwoyi da ban sani ba. A zuba a garwashi, a lulluɓe mutum da bargo, safe da yamma. Da farko Hajara, sannan ni. Ni na jure, hawaye kawai nake yi. Hajara kuwa tana cikin bargon tana ihu tana roƙon a buɗe ta, Gwaggo tana danne gefen bargon da gwiwa tana cewa, "Ba ita ba ce ke magana. Ku fita ku bar mini 'ya."

Kafin makon ya ƙare tari ya kama Hajara, idanunta suka yi ja, hancin ya toshe. Ko shinkafar ta daina shiga. Zoben hannunta ya fara zamewa. Nono ya ragu, Ummi ta koma kuka ba dare ba rana.

Na je na sami limamin ƙaramin masallacin layinmu. Ya tambaye ni, "Tana salla?" Na ce tana yi. "Idan ana karatu tana tashi ta gudu?" Na ce ita ma tana karantawa. Ya ce shi bai ga alamar abin da ake faɗa ba, mu ci gaba da addu'a, amma in kai ta babban asibiti. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta ce, "Wannan yaron? A gabana aka yi sunansa."

A ranar ta yanke hukunci. Ta ce uwar da take toshe hanci a kan 'yarta ba a bar mata 'ya, kuma nonon ma ba ta yarda da shi ba. Juma'a mai zuwa za ta ɗauke Ummi ta kai ta Kokoro, ta riga ta sayi madarar gwangwani. Ban iya musa mata ba a lokacin. Ita ta riƙe Hajara, ita ta aurar mini da ita, kuma ni ɗin ma a wurinta majinyaci ne.

Litinin ɗin mako na huɗu muka hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa babban asibiti a cikin gari. Hajara ta ɗaure fuska kamar mai shiga kasuwar gawayi. Daga wurin yankan kati aka tura mu wata ƙofa, daga nan wata, daga nan aka ce likitan kunne da hanci ba kullum yake zuwa ba, mu dawo Laraba. Wannan abu ya ɓata mini rai, kuma har yau yana ɓata mini. Da an rubuta a bango da ba mu wuni a benci ba, ga mara lafiya, ga jaririya, ga warin maganin goge ƙasa da ya sa ta amai har ta galabaita.

Laraba muka same shi. Dattijo ne mai furfura, yana haɗa Sango da Faransanci. Faransancina na firamare ne, saboda haka abin da zan rubuta shi ne iyakar abin da na kama.

Ya haska cikin hancinta da 'yar fitila, ya ɗago ya dube ni. "Me kuke sa mata?"

Na faɗa masa.

"A cikin bargo?"

"A cikin bargo."

Ya ajiye fitilar. "Ciki duk ya kumbura. Wurin yana ƙoƙarin warkewa, ku kuna gasa shi. Daga yau babu hayaƙi."

Sannan ya yi bayani. Ya ce can saman hanci, ciki sosai, akwai wani ɗan wuri da bai fi farcen babban yatsa ba. A nan jijiyoyin jin ƙamshi suke. A bakin kowace jijiya akwai wani ƙanƙanin abu mai kama ƙamshi, ya kira shi reseptar, kuma ɗan Adam yana da irinsu kusan ɗari huɗu daban-daban. Ya tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ya ce, "Madalla. Ka ɗauka kwaɗuna ne, ƙamshi kuma mabuɗi."

Na ji daɗi, na ce na gane: kowane ƙamshi da kwaɗonsa.

"A'a," ya ce. "Mabuɗi ɗaya yana buɗe kwaɗo da yawa, kwaɗo ɗaya kuma yana karɓar mabuɗai da yawa. Ƙwaƙwalwa tana duba waɗanda suka buɗe tare, sai ta ce wannan albasa ce, wannan kafe ne."

Na ce masa irin wannan kwaɗon ko kyauta ba mai karɓa a shagona. Ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Ya ce murar da Hajara ta yi ce ta lalata jijiyoyin, shi ya sa ƙamshi ya ɗauke. Yanzu suna sake tsirowa, amma wasu sun dawo wasu ba su dawo ba, wasu kuma ba su koma mazauninsu daidai ba. Saƙon yana isa ƙwaƙwalwa rabi-rabi, ita kuma sai ta karanta shi ɗoyi. Sunan abin parozmi. Na sa ya maimaita har na riƙe.

A nan Hajara ta ce, "Dokta, nonona fa?"

"Nononki lafiya lau. Ciwon a hancinki yake, bai sauka ko'ina ba. Abin da zai cuci yarinyar nan shi ne ki daina ci."

"Zan warke?"

"Da yawa suna warkewa. Ba zan yi miki alkawarin rana ba. Yeke yeke." Wato sannu a hankali.

Sai na fito da kwalbar miskin daga aljihu, na ce ni ma na kamu. Ya shinshina ya ce yana ji. Ya kira malamar da ke taimaka masa, ta shinshina ta yamutsa fuska ta ce ya yi ƙarfi. Ya ba ni ɓawon lemo, na ji. Ya ba ni auduga mai maganin allura, na ji. Ya haska hancina, bai ga komai ba sai jan da hayaƙi ya bari.

"Kai ba ka da ciwo," ya ce. "Haka aka haife ka."

Ya ce waɗannan reseptar ɗin jiki ne yake ƙera su da abin da ake kira furotin, kuma kowanne yana da tsarin ƙirarsa a rubuce cikin halittar mutum. Wannan tsarin shi ne jen, rabi daga uwa rabi daga uba. Da wuya a sami mutum biyu da tsarin nasu ya zo ɗaya sak. Akwai waɗanda aka haifa kwaɗonsu na wani irin miski ba ya buɗewa, su rayu su mutu ba su sani ba.

Na tambaya ko in ƙara mata nama da ƙwai, tunda na ji ya ambaci furotin. Ya ce ba haka abin yake aiki ba, ta ci duk abin da ya shiga.

A kan moto muna dawowa na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Takan yi faɗa da masu turare, ta ce sun sayar mata da farin mai da sunan miski. Mu muna ɗauka rigimar tsufa ce.

Ban ce na fahimci duk abin da likitan ya faɗa ba. Har yau ban gane yadda abin da ba a gani da ido yake da rubutu a cikinsa ba. Ban kuma gane wane ne ainihin ƙamshin miski ba, tunda kowa da abin da hancinsa yake kai masa. Abu biyu na riƙe: babu hayaƙi, kuma nono lafiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gwaggo ta zo da zanen goyo a kafaɗa. Na ɗauko kwaɗuna uku da mabuɗansu daga shago, na jera a tabarma, na fara yi mata bayani bi da bi. Ta saurara har na kai ga jen.

"Idi," ta ce, "kwaɗo a cikin hanci? Ashe naka ya fi nata nisa. Miƙo mini yarinya."

"Gwaggo, likita ya ce..."

"Likita ya haife ta? Ni na ga abin da na gani. Uwa tana gudun 'yarta."

Na tsaya riƙe da kwaɗo kamar mai talla.

Hajara ce ta fito daga ɗaki, tana dafa bango don rashin ƙarfi. Ta zauna a tabarma, ta ɗauki Ummi, ta kwance ɗankwalin da ke hancinta ta ajiye a gefe. Ta sa yarinyar a nono. Sannan ta sunkuya ta ɗora hancinta a tsakiyar kan Ummi, ta bar shi a nan. Ina ganin wuyanta yana motsi tana haɗiye amai, hawaye suna sauka a gashin yarinyar.

"Gwaggo, ɗoyi nake ji," ta ce. "Ba zan ɓoye miki ba, yanzu haka ina jinsa. Amma hancina ne, ba 'yata ba ce. Kin ce masu gudu an san su. To ga ni, ban gudu ba. Ki zauna ki gani."

Gwaggo ta tsaya a kanta. Ummi ta sha ta ƙoshi, ta saki nono ta yi barci, Hajara ba ta ɗaga kai ba. Can Gwaggo ta sauke zanen goyon daga kafaɗa, ta shimfiɗa shi a ƙasa ta zauna a kai.

"Ba zan tafi da ita ba," ta ce. "Amma ni ma ba zan tafi ba. A nan zan kwana, in ga ƙarshen abin."

Haka aka yi. Ta tare a gidanmu. Ba ta yarda da maganar likita ba, har yau ba ta yarda ba. Amma ita ce ta hana masu dubiya shigowa da turare, ita ce ta je ta roƙi maƙwabta su matsar da murhun suyarsu. Ita take dafa abinci ba albasa ba suya, ta bar shi ya huce, don likita ya ce mai sanyi bai cika tayar da wari ba. Da kindirmo da ayaba da dafaffen rogo jikin Hajara ya fara dawowa, nono ya dawo. Hayaƙi kuwa na ce ko sau ɗaya aka sake kunna shi zan fita da iyalina, kuma ta san ba na faɗa in fasa. Tana kawo rubutu, Hajara tana sha, ban hana ba.

Likitan ya ce ta riƙa shinshina abubuwa kaɗan safe da yamma, tana tuna yadda ƙamshinsu yake a da. Muka zaɓi lemon tsami da kanumfari da citta da na'ana'a. Na zuba kowanne a kwalbarsa, ni nake miƙa mata, kullum a jere ɗaya. Lemon ne ya fara dawowa daidai, bayan damina ta wuce. Kanumfari ya biyo baya. Albasa da kafe har yanzu mushe ne a wurinta, kuma ba ta koma haɗa turare ba. Gwaggo ta ce rubutu ne ya yi aiki. Likita ya ce jijiyoyi ne suke tsirowa. Ni na gode wa Allah, na gode wa dukansu biyu, ban da bargon nan.

Ummi tana hannun uwarta, ta fara rarrafe. Kwanan baya Hajara ta ce mini ɗoyin ya bar jikin yarinyar. Na ce to me take ji yanzu? Ta ce babu komai, kamar ta shinshina ruwa. Ta ce ko hakan ya ishe ta, amma na san bai ishe ta ba.

Ga roƙona ga wanda ya karanta wannan. Idan wani naka ya tashi daga mura ya ce ƙamshi ya koma masa ɗoyi, ka yarda da shi, ko da kai ba ka jin abin da yake ji. Kada ka lulluɓe shi da bargo a kan garwashi. Ka nemi likitan hanci, ka tambayi ranar da yake zuwa kafin ka ɗauki mara lafiya. Idan mai shayarwa ce, kada a raba ta da abin da ta haifa. Sannan ka sa Hajara a addu'arka, Allah ya sa ta ji ƙamshin 'yarta kafin a yaye ta.